Iyakar da Iya Larai Ta Binne

Ba a gama naɗe tabarmin zaman makoki ba sai ga kayan Kubura an watso su tsakar gida cikin rana tsaka. Baffanta Inuwa, wanda ya iso Toranke daga Kano bayan an riga an kai mahaifiyarsa makwancinta, ya leƙa ɗakin marigayiya Iya Larai, ya ga babu inda ya fi shi dacewa da ajiyar buhunan takin zamani.

"Baffa, don Allah ka bar ni in riƙa kwana ko a bakin ƙofa ne. Har yanzu ɗakin yana ƙamshinta..."

"Ƙamshi za ki ci? Tashi ki ba ni wuri, 'yar cin arziki!" Ya ɗauke ta da mari, domin mutum ne mai son a fahimce shi da wuri.

Allah Sarki, Kubura! Iyayenta sun rasu tana goye, kakar nan ce ta tauna mata tuwo, ta yi mata kitso, ta riƙa kiranta "ƙawata". Da yake mahaifinta ya riga tsohuwar rasuwa, ba ta da ko taku ɗaya a gado. Iya Larai ta san haka, shi ya sa tun da ranta ta yanka mata gayauna a gefen gabas na gonarta, ta ce kyauta ce, ta dasa layin gamba ya zama iyaka. Kubura tana tuna ranar. Tana ƙarama, ta ga kakarta tana tona rami a gindin kowane gamba tana binne albasar kura.

"Iya, me ya sa kike shuka abin da ko akuya ba ta ci?"

"Don ba ta cin ne, ƙawata. Miƙo mini ɗaya, kin cika surutu."

Inuwa bai yi kukan uwarsa da yawa ba, yana da ayyuka a gabansa. Ya sayar da tunkiyarta, ya ba da zannuwanta ga waɗanda ba su taɓa gaishe ta ba, ya mayar da Kubura rumfar awaki. Da rani ya yi tsanani ya sa aka tumɓuke gamban nan kakaf, aka ƙone, aka share wurin tas, sannan ya yi cinikin gonar baki ɗayanta da Alhaji Barau, wani mai sayen hatsi a Gaya.

Kubura ta kai kukanta gaban mai unguwa. Aka kira maƙwabtan gona, waɗanda shekara da shekaru suke ganin yarinyar tana noma gyaɗarta a wurin. Sai dai a makon nan kowannensu ya karɓi buhun taki, kuma ga alama takin zamani yana shafar tunani, don babu wanda ya tuna komai.

"Ranka ya daɗe, gonar ɗaya ce, ba a taɓa raba ta ba," in ji Inuwa. "Wallahi tallahi babu iyaka! Yarinyar nan ta taɓu. Kullum tana bakin gona tana hira da matacciya."

Mai unguwa ya dubi Kubura da tausayi. "'Yata, in akwai iyaka, akwai kyauta. In babu, gado ne, kuma ba ki a ciki. Ina iyakar?"

Ta buɗe baki, kuka ya riga magana fitowa. Ina iyakar? Ta zama toka!

Daga ranar yara suka riƙa binta da waƙar mahaukaciya. Inuwa ya hana a zuba mata tuwo sai ta ɗebo ruwan gidan duka, ya kuma rantse in ya sake ganin ƙafarta a gonar zai karya ta. Ta rame har zanenta yana zagaye ta sau biyu. A rumfar awaki take shimfiɗa tsohon mayafin kakarta, abu ɗaya da ta iya ɓoyewa, ta yi sujada a kansa tana kuka: "Ya Allah, Ka ji ƙan Iya, Ka haskaka kabarinta... Ni kuwa ba ni da kowa sai Kai!"

Sai aka yi ruwan shuka. Alhaji Barau ya zo karɓar gonarsa, aka taho da mai unguwa da shaidu domin a zagaya da shi. Inuwa yana gaba cikin farar shadda. Kubura tana can nesa a bayan wata kuka, ta zo yin bankwana da gayaunarta.

Alhaji Barau ne ya fara tsayawa. "Malam Inuwa, wannan layin fa?"

Daga kudu har arewa, a miƙe kamar an ja igiya, ga koren ganyen albasar kura ya faso ƙasa. Da rani ganyenta yakan bushe ya ɓace, ita kuwa tana kwance a ƙasa tana jiran ruwa. Kowane manomi ya san ba ta jeruwa da kanta. Inuwa, da rabonsa da fartanya tun yana saurayi, ya tumɓuke abin da idonsa ya gani ne kawai.

"Ciyawa ce! Ciyawa ce kawai!" Ya shiga tattake ta, shaddar tana shan laka.

"Ciyawa mai bin layi?" in ji mai unguwa. "Kai da ka rantse da Allah?"

Nan take tunanin maƙwabta ya dawo gaba ɗaya, har suna rige-rigen ba da shaida. Alhaji Barau ya fasa cinikin, ya maka Inuwa a kotu a Ajingi, kuma kafin kaka rabonsa na gadon ya tafi wajen fitar da kansa. Inuwa ya bar Toranke ba tare da ko mutum ɗaya ya raka shi bakin mota ba.

Amma a ranar da aka ga layin, mai unguwa ya ɗaga murya ya ce, "Kubura, fito ki karɓi gonarki." Ta taho da gudu, ta zube a kan layin, ta rungume ganyen da aka tattake, hawaye suna zuba a kansa.

"Na gane, Iya..." ta ce. "Na gane, ƙawata. Allah Ya sa Aljanna ce makomarki."