Shatin Kafaɗa a Bangon Ƙurya

Da almuru magini yana wanke hannu a tsakar gida, sai tsakuwa ta faɗo cikin bokitin. Ta biyu ta sauka a kan rufi. Ba kowa a waje, ko iska ba ta motsi. Ya tsamo ta ya duba. Ɓallin bangon tsohon gidan da yake gyarawa ne.

Wata bakwai yana wannan aiki. Gidan kakansu ne, za a mai da shi gidan tarihi. Shi ya tokare rufin, shi ya cike tsagogin bango, amma allon da aka kafa a ƙofa sunan ƙanensa injiniya ne a jiki. Kullum ya wuce allon sai ya kau da kai. Kishi ne, ya sani, bai dai taɓa furtawa ba.

Kwana uku ana jifa. A na huɗu 'yarsa ta daina amsa kira. Ta zauna tana kankare bango da farce har jini ya fito.

Malam ya zo da yamma, ya daɗe yana karatu a kanta. Da ta ɗago, muryar tsohuwa ce ta fito.

"Wace ce ke?" in ji malam.

"Mai gidan."

"Gidan yana da masu shi."

"Ina suke damina sittin? Ni na riƙe bangon ƙurya da bayana. Yau an rataye hotunan waɗanda suka gudu, ni kuwa wannan ya shafe min wurin jingina da fenti."

Magini ya sunkuyar da kai. Kunya ta fi tsoro kama shi, don maganar da ya daɗe yana haɗiyewa ce ke fita daga bakin 'yarsa.

"Me zai sa ki saki yarinyar?" malam ya tambaya.

"A kankare fentin. Kowa ya gani."

"Na ɗauki alkawari," in ji magini.

Yarinyar ta yi atishawa, ta dube shi. "Baba, ƙishirwa nake ji."

Ranar buɗe gidan, mutane suka yi cincirindo a gaban wurin da ya kankare, baƙi, sumul, da shatin kafaɗa.

"Ni na ce a bar shi haka, don a ga asali," in ji injiniya.

Aka tafa masa. Magini yana can baya, tsakuwar farko a tafin hannunsa. Ya daɗe yana auna nauyinta, yana kallon ƙeyar ƙanensa. Sai ya tuna farcen 'yarsa, ya mayar da tsakuwar aljihu.