Ƙasar Bayan Ɗakin Inna

Jar ƙasa na gani a faratan Yaya Munzali, mutumin da rabonsa da fartanya tun yana sakandare.

A lokacin ya dage sai ya buɗe kamfanin fitar da riɗi a Dubai. Ni da na karanta kasuwanci a jami'a nake bi masa matakan: mun zaɓi suna, mun tura fasfo, mun sami wakili a can. Sai aka ce ba rajista sai da adireshin ofis, ba asusun banki sai da rajista. Kuɗin hayar kuwa ba shi da su.

"Yaya, ka haƙura ka tara na kaka biyu mana."

"Boko ya cuce ki, Bushra. Sa'o'ina na hawa jirgi, ni ina jan buhu a kasuwar Kibiya?"

Daga baya da bakinsa ya faɗa min inda ya je: wani kogo a duwatsun bayan Rano, wurin boka Ɗantsoho. Rana tsaka, amma ciki duhu. Ƙahonin awaki a rataye, baƙar tukunya na tafasa ba wuta a ƙarƙashinta.

"Kamfani ɗa ne," in ji bokan. "Ba ya zama a ƙasar wasu sai an binne masa mabiyiya. Ina ake binne ta 'ya'yan gidanku?"

"Bayan ɗakin Inna, a Tarai."

"Kwaso min ƙasar wurin."

"Ba jini? Ba rai?"

"Na ce maka rai? Mazauni kake nema, mazauni za ka biya."

Ya kwaso ƙasar ya kai masa. Kafin kaka wani baƙo ya ba shi ofis kyauta a Dubai, rajista ta fito, tireloli suka fara layi a ƙofar gidanmu.

Ƙaninmu Murtala ne ya fara. Ya tsaya a tsakar gidan da aka haife shi, ya ce, "Don Allah, baiwar Allah, ina hanyar gidanmu?" Inna yake tambaya. Kullum sai ya fita neman gida an kamo shi. Ranar da ba a kamo shi ba, a hanyar Kahu aka tsinci gawarsa, tafin ƙafarsa duk ya tsage. Sai Yaya Saratu, ta ajiye jaririnta a gidan aurenta na Nariya ta kama hanya. Har yau a ɗaure take.

Ni a asibitin Kano aka haife ni, mabiyiyata ba ta zo gida ba. Shi ya sa nake ba ku labari.

Da Inna ta ga ramin da ya haƙa a bayan ɗakinta, ba ta yi kuka ba.

"Munzali, taka fa? Kai ne ɗan fari. Taka ce a can ƙasa, har ita ka kwashe."

Ya koma kogon a guje. Bokan ya ce ƙasar ta riga ta tafi Dubai, kuma abin da ya haye teku ba ya dawowa. Na rubuta a rufe kamfanin, aka ce sai an tantance haraji, sai an jira, sai an sake turo fasfo. Ina ta turawa, riɗi na ta tafiya.

Duk mai gaggawar arziki ya ji: boka ba ya karɓar abin da ka san darajarsa, sai wanda ka raina.

Jiya na kai wa Yaya Munzali abinci. Ya dube ni irin kallon da ake yi wa matar da aka gamu da ita a tasha. Ya ture kwanon a hankali, ya sa takalmansa, ya fita.