Wa Zai Gaya Masa Thurman Ya Rasu?

Almuru ne na watan Mayu, Vernell tana juya wake a kicin, tsakuwa ta faɗo a kan kwanon rufi. Ta ɗauka yaran maƙwabta ne. Ta biyu ta faɗo, ta uku ta biyo. Da ta leƙa babu kowa, sai farin yashi da dogayen itatuwan da ake kira fayin sun yi tsit. Can daga cikinsu wata murya ta kira, a hankali: "Thurman."

Cokalin ya suɓuce mata. Thurman ɗanta ne, kuma wata huɗu ke nan da motar katako ta bi ta kansa.

Abin da ya bar mata ɗaya ne, macijiyar nan fara mai zanen baƙi da ya sa wa suna Pearl. Ba ta da dafi, sai huci kamar tayar mota ta fashe. Shekara biyar Vernell tana faɗa a kanta, don kullum ta buɗe firji sai ta ci karo da daskararrun ɓerayen da Pearl ke ci kusa da kazarta. To, yau ga ta ita ke jiƙa ɓeran a ruwan ɗumi, ta zauna gaban akwatin gilashin tana yi wa macijiya hira. Ba ta yi kuka ba ko a maƙabarta. Wanda ya tambaye ta Thurman sai ta ce, "Ba ya nan."

Jifan bai tsaya ba. Kullum rana ta faɗi sai an yi, da safe kuma a tarar da yashi tsibi a bakin ƙofa. Pearl ta daina ci, tana ta goga hanci a gilashi har ya yi jini. A rana ta tara Loretta, 'yar da ta rage wa Vernell, ta faɗi a tsakar ɗaki tana tonon katakon daɓen ɗakin da farce tana huci. Asibiti suka ce lafiyarta ƙalau. Lafiya ƙalau, yarinya kwana uku ko ruwa ba ta haɗiya!

Sai aka ɗauko Mis Ozella, tsohuwar da ke maganin saiwa a bayan coci. Ta zo da sandarta gab da faɗuwar rana, ta zuba gishiri a bakin ƙofa, ta karanta Zabura, sannan ta dafa goshin Loretta.

"Wane ne kai? Ka yi magana, ba ni da ƙafar tsayuwa."

Muryar da ta fito ta tsohon namiji ce, a dishe. "Mai tudun yashin bayan rafi. Ku kira mini Thurman. Ya ci amanata."

"Wace amana?" in ji Mis Ozella.

"Ya tsinci Pearl a titi mota ta taka ta, ya yi jinyarta. Muka yi alkawari, lokacin sanyi tasa ce, lokacin zafi tawa. Duk shekara yana kawo ta ramin uwarta, sanyi ya matso ya zo ya ɗauka. Bana ina ta jira. Ina kira, ya ƙi fitowa."

Vernell ta dafe bango. Ashe can yake kai ta! Shi kuwa ya ce mata wajen abokinsa yake barin ta lokacin zafi.

Mis Ozella ta juyo. "Vernell, 'yar nan, bai sani ba. Ke za ki gaya masa."

"Ba ya nan, Mis Ozella."

"Ba haka za ki ce ba."

Duhu yana shigowa ta taga. Vernell ta dubi farcen 'yarta duk ya kakkarye.

"Ya mutu," ta ce. "Thurman ya mutu. Mun binne shi a Janairu."

Huci ya tsaya. Hawaye suka gangaro daga idon Loretta, amma kukan na tsohon ne. "Ni ina nan ina zaginsa," ya ce. "Ina jifan gidan uwarsa."

"To, saki yarinyar," in ji Mis Ozella.

"Zan sake ta. A kawo mini Pearl, in ba haka ba za ta mutu a akwatin nan."

Vernell ta durƙusa. "Ita kaɗai ya bar mini. Don Allah."

"Ki zo in sanyi ya matso. In ta fito miki, taki ce. Ba zan hana ta ba, ba kuma zan tura ta ba."

Loretta ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta ce, "Mama, ƙishirwa."

Washegari Vernell ta sa Pearl a rigar filon Thurman ta kai ta tudun. Macijiyar ta shige ramin ba ta ko waiwayo ba. Jifa kuwa ba a ƙara yi ba.

A watan Oktoba ta koma da rigar filon. Kwana bakwai tana zuwa tudun, Pearl ba ta fito ba. Ran na bakwai ta tarar da saɓar Pearl a bakin ramin, doguwa, an shimfiɗa ta, an danne gefenta da tsakuwa don kada iska ta ɗauke. Ta naɗe ta ta sa a rigar filon. Rana na faɗuwa ta ji tsohon nan a cikin itatuwa yana kuka ƙasa-ƙasa. Ba ta gudu ba. Ta zauna a yashin, suka yi kukan tare.