Bayanin Da Ya Ci Maki Goma

Ranar Litinin da hantsi aka buɗe siton ƙungiyar tallafa wa manoma a Kiyawa, aka tarar da shi wayam. Buhu ɗari biyu na irin gero sun fita, manoman da aka ware wa kuwa suna tsaye a ƙofa, ko ƙwaya ba su gani ba. Kafin azahar an tsare Baba Arzika mai sito a Dutse. Shekara talatin yana riƙe mukulli, ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba.

Munira, ma'aikaciyar ƙungiyar, ta je ta same shi a gaban Sufeto Mujahid.

"Baba, wa ka ba wa?"

"Duk wanda ya nuna mini saƙon Ɗan Aike a wayarsa, 'yata. Haka kuka ce in yi."

Ɗan Aike shi ne sunan da suka laƙaba wa manhajar ƙirƙirarriyar basira mai rabon iri. Yana da kayan aiki: na kiran manomi, na tura saƙo, na soke suna. Kowanne da rubutaccen bayaninsa, shi yake karantawa ya san wanda zai ɗauka da lokacin ɗauka. Aikin Munira shi ne tantance bayanan, ta ba su maki daga ɗaya zuwa goma. Ta yi suna wajen tsauri, har ana cewa gara ka roƙi ruwa a dutse da ka roƙe ta maki bakwai.

Ta koma ofis ta buɗe tarihin aikin. Ɗan Aike ya soke manoma ɗari biyu, ya miƙa rabonsu ga masu jerin jira. Ta buɗe bayanin soke suna: "A yi amfani da wannan idan an kira manomi sau biyu tsakanin takwas da sha ɗaya na safe bai ɗauka ba. Kada a yi amfani da shi kan wanda ke jerin jira."

Takwas zuwa sha ɗaya, ana tsakiyar sharar gona. Wane manomi ne ke shiga gona da waya? Tana can wurin mai caji sai yamma. A ƙarƙashin bayanin ga maki goma cif, ga sa hannunta. Takaici ya cika ta.

Da sunan Fa'izu, mai rubuta manhaja, aka turo bayanin. Sufeto ya sa aka kira shi.

"Kai ka rubuta?"

"Yallaɓai, tambaye ta. Na taɓa cin fiye da biyar?"

Gaskiya ya faɗa. Bayanin Fa'izu kullum kalma uku ne, kamar sayen kalmomin yake yi.

"Wa ya san lambar sirrinka?" in ji Sufeto.

Ya sunkuyar da kai. "Babba ba ya tambaya ka hana shi."

Babba ɗaya ne a ofishin: Malam Abdulrauf, shugaban shirin, wanda ya koya wa Munira aikin. Ita da Sufeto suka same shi yana shan shayi.

"Duk shugaba yana karɓar lambobin ma'aikatansa," ya ce. "Wannan ba hujja ba ce."

"Haka ne, Malam," in ji Munira. "Amma ƙa'idarmu ta ba da maki abu uku take nema a bayani: me kayan ke yi, yaushe za a ɗauka, me za a ba shi. Na huɗun, wato yaushe ba za a ɗauka ba, ni na ƙara shi da biro a takarda, na miƙa maka ranar Alhamis. Ka ce kada kowa ya gani sai ka duba. Ranar Juma'a wannan bayanin ya zo ɗauke da na huɗun. Murna ta rufe mini ido, na ba shi goma."

Sufeto ya ajiye wata takarda kusa da kofin. Layukan wayar masu jerin jira duk a shago ɗaya aka yi musu rajista a unguwar Limawa, shagon ƙanen Malam.

Malam Abdulrauf ya dube ta ba kunya. "Ƙa'idar ta ce bayani ya fito fili. Ta ce ki tambaya ko adalci ne? Ke kika sa hannu."

Gaskiyarsa ce, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Ta auna kowace jimla, ba ta tuna da mutum ɗaya mai fartanya ba, ita da ubanta manomi.

An saki Baba Arzika ranar Alhamis, bayan ruwan shuka ya sauka, irin kuma ya watse a kasuwanni. Munira ta tare shi a bakin titi da mukullin sito.

"Baba, ka yafe mini. Ni na yarda da rubutun."

Ya daɗe yana kallon mukullin. Jikokinsa sun ga an sa shi a mota, garin Kiyawa ma ya gani.

"Na yafe, 'yata," ya ce, ya mayar mata da shi cikin tafinta. "Kai wa Ɗan Aike. Shi ba a rufe shi."