Ba a Tambayi Umma Ba

Auta tana tsaye a falo tana goge farar rigarta ta aiki lokacin da wayar Umma ta yi ƙara a kan tebur. Umma ta ɗauka, ta nesanta ta da fuskarta kamar yadda take yi idan babu tabarau kusa, sannan ta miƙo mata.

"Duba min. Na ga kamar hoton shagon babanku."

Auta ta jingine dutsen guga ta karɓa. Shagon ne kuwa: kekunan ɗinki jere a kan benci, gwangwanin mai, da kujerar Baba mai gurguwar ƙafa. A ƙasan hoton ga rubutun da ita da kanta ta wallafa da safen nan.

Tun bayan rasuwar mahaifinta, wanda ya yi rayuwarsa yana gyaran keken ɗinki, Auta ta buɗe bulog, shafi ne a intanet da take rubutu a ciki duk mako. Ba ta sa sunanta ba, 'Yar Mai Gyara take kiran kanta. A nan take zuba abin da ba ya faɗuwa a gida: jinyar Baba, ranar da ya kalle ta ya tambaye ta ko ita 'yar waye, warin man keke da har yanzu bai bar rigunansa ba. Wanda ya ga dama yakan rubuta adireshin imel ɗinsa a shafin, daga nan duk sabon rubutu ya riƙa iske shi a waya. Baƙi ne masu karanta ta. A gidansu babu wanda ya san da zancen, kuma haka take so.

Kafin ta haɗa amsar da za ta ba Umma, tata wayar ta ɗauki ruri. Yaya ce, babbar yayarta, daga gidan mijinta. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. Ta ce saƙon ya shigo mata, ya shigo wa mijinta, ya shigo wa Gwaggo, har mai shagon maganin da Auta take wa aiki ya samu. Ta ce ta bi tsofaffin rubutun ta karance su tas. Sannan ta sassauta murya.

"Baffa ma ya samu. Ya ga inda kika ce sau ɗaya ya zo asibiti, ya tsaya a bakin ƙofa ya juya."

Baffa ƙanin Baba ne, kuma shi ne uba a gidan yanzu. A hannunsa maganar aurenta take.

Mutum ɗaya ne a duniya yake da mabuɗin shafin bayan ita. Dogo.

A taron masu bulog suka haɗu, wanda ake yi wata-wata a saman bene na wata makarantar koyon kwamfuta. Ɗaki ne mai fanka biyu, ɗaya ba ta aiki, da kujerun roba da kowa yake ja wa kansa. Ana zuwa a san juna, a yi musayar adireshin shafi, wannan ya yi wa wancan rubutu, wancan ya tallata wannan. Dogo gyaran waya yake yi, a kan sana'ar kuma yake rubutu. Ranar farko da ta je, ya ji ta karanta sakin layi biyu a kan hannun Baba, sai ya tambaye ta wace manhaja take amfani da ita wajen tura wa masu bibiyarta saƙo. Ta ce ba ta da ko ɗaya. Ya haɗa mata a take. Daga gyaran shafi aka koma gaisuwa, daga gaisuwa aka kai inda manyansa suke shirin zuwa wurin Baffa.

Ta shiga ɗaki ta kira shi. Da dariya ya ɗauka.

"Kin ga safirayis ɗin, kyautar ba-zata da na yi miki? Folowas ɗinki, masu bibiyarki, sun ninka, ranki ya daɗe."

Ya ce babban taron shekara ya matso, an sa ta cikin masu jawabi, kuma ya gaji da ganin masu shafin kwalliya suna taƙama da yawan jama'arsu alhali ko rabin alƙalaminta ba su kai ba. Lambobi da adireshin da ya kwashe mata lokacin da ta sauya waya suna nan a kwamfutarsa, sai kawai ya zuba su duka cikin manhajar. Bai duba sunayen ba.

"Umma tana ciki," in ji Auta. "Baffa yana ciki."

Dogo ya ce yana nan zuwa gidan.

Da la'asar ya zo, ya tarar Baffa ya riga shi. Ya durƙusa a bakin kafet, tsawonsa duk ya zame masa kaya. Baffa bai ko kalle shi ba. Umma ce ta yi tambaya, cikin sanyin murya, ta ce ita abu ɗaya take son ta gane: ta yaya inji zai shigo wayar mutum ba a nemi izininsa ba?

Dogo zai iya cewa kuskuren na'ura ne, babu mai ƙaryata shi a ɗakin sai Auta. Bai ce ba. Ya ce a ƙa'ida manhajar takan tura wa mutum tambaya tukuna, sai ya danna ya yarda. Amma idan mai shafi ne ya zuba sunaye da kansa, akwai wani ɗan akwati da ake dannawa, mai cewa duk waɗannan mutane sun riga sun amince.

"Ka danna?"

"Na danna, Umma."

"Wato ka shaida wa inji cewa na yarda, ni kuwa ina nan zaune ba ka tambaye ni ba." Ta gyara mayafinta. "Yau ni ka amsa wa. Gobe idan na ba ka 'yata, me da me za ka riƙa amsawa da bakinta?"

Baffa ya miƙe ya ce a gaya wa manyan yaron kada su wahalar da ƙafarsu. Ya juyo kan Auta, ya ce ta tallata jinyar ubanta ga duniya, ta kuma mai da shi mara zumunci a idon dangi. Auta ta ce za ta rufe shafin tun da ransa ya ɓaci, amma ba ta rubuta ƙarya ba, abin da idonta ya gani ta faɗa. Baffa ya dube ta, ya saka takalmansa ya fita.

Ba ta yi kuka a gabansu ba. Sai da ta je shagon Baba, ta zauna a kujerar nan mai gurguwar ƙafa, ta yi mai isarta. Da ta share fuska ta kira Dogo ta ce ya cire kowa da kowa. Ya ce ya riga ya cire, yanzu ma yana rubuta saƙon ban haƙuri ne da zai tura musu gaba ɗaya ta manhajar.

"Dogo, kana da hankali kuwa? Za ka sake faɗa musu cikin waya ba sallama, don ka ba su haƙurin shigar farko?"

Duk da halin da suke ciki sai da ya yi 'yar dariyar kunya. Ya tambaye ta to yaya zai yi. Ta ce ƙafa gare shi, har ma ta fi ta kowa tsawo.

Haka ya bi su gida-gida bayan ya tashi daga aiki. Gwaggo ta wanke shi tas, sannan ta ba shi wayarta ya gyara mata sifika. Mijin Yaya ya ce shi dai rubutun ya burge shi, Yaya ta harare shi ya yi shiru. Baffa kuwa, da yake da shagon sayar da taya, ko kujera bai ba shi ba. Dogo ya riƙa zuwa yana gaishe shi, ya tsaya daga gefe, idan an ƙi kula shi ya yi sallama ya tafi. Bai turo kowa roƙo ba, ita ma Auta ba ta bari sun haɗu a ɓoye ba. Ta gaya masa tana nan a kan bakanta, amma ta ƙofar gida za a shigo.

Da ranar babban taron ta zo, Umma ta ce alkawari ne, ta je, amma da Yaya. Ɗakin ya cika har bakin matakala. Kowa ya tashi sai ya faɗi yawan masu bibiyarsa a tafa masa. Da aka zo kan dabarun tara jama'a, wani mai shafin ƙwallo ya ce ai hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya kwashe duk adireshin da ke wayarsa ya zuba. Dogo ya miƙe daga can baya. Ya ce shi ya gwada, kuma abin da ya samu shi ne ya tona asirin wadda ya fi so a duniya, ya ɓata ta da danginta. Ya ce mutum goma da suka ƙwanƙwasa da kansu sun fi dubun da aka turo ta taga. Wasu suka yi dariya, suka ga shi ba dariya yake ba, suka daina.

Auta ta yi jawabinta ba takarda. Bayan an tashi, wata mata mai shafin ɗinki ta riƙe hannunta ta ce mahaifiyarta ma ta daina gane ta, kuma rubutun 'Yar Mai Gyara ne yake hana ta jin kamar ita kaɗai ce. Ta roƙe ta ta sake buɗe shafin. Yaya tana tsaye tana ji. Da suka isa gida Yaya ta shige ɗakin Umma ta ja ƙofa, suka daɗe.

Bayan 'yan kwanaki Auta tana share shagon Baba da yamma sai ga Baffa. Ya tsaya a bakin ƙofa, sannan ya shigo ya zauna a kan benci, ya ɗauki wani ƙaramin sukundireba yana juyawa. Ya ce yayarta ta ba shi labarin taron. Ya ce wannan dogon yaron ya ishe shi da gaisuwa, har masu sayen taya sun fara ɗauka ɗansa ne.

"Kin ce abin da idonki ya gani kika rubuta. Gaskiya ne. Sau ɗaya kika gan ni."

Ya ce babanta ne ya raine shi tun yana ƙarami, a bayansa ya yi wayo. Ranar da ya zo bakin ƙofar ɗakin jinya, ya ji yayansa yana kiran nas da sunan mahaifiyarsu, yana tambayarta ko ƙaninsa ya ci abinci. Ƙafafunsa suka ƙi shiga. Daga ranar kullum sai ya zo, ya zauna a kan dakalin da ke ƙarƙashin matakala, ya tare nas ɗin idan ta fito ya tambaye ta jiki, ya koma. Kunya ta hana shi gaya wa kowa cewa namiji kamarsa ya kasa haɗa ido da ɗan'uwansa.

"Yaron nan ya sa ni cikin abinku bai tambaye ni ba. Ke ma, 'yata, kin sa ni cikin naki ba ki tambaye ni ba."

Auta ta durƙusa a gabansa, hawaye yana zuba a kan simintin da ta gama sharewa. Duk tsawon rigimar tana ganin laifin na Dogo ne shi kaɗai. Ta ce ya yafe mata. Ya dafa kanta ya ce ya yafe, shi ma ta yafe masa barinta da ya yi ita da uwarta a ɗakin nan. Ta tambaye shi ko ya yarda ta rubuta zancen dakalin. Ya ce ta rubuta, amma ta karanta masa kafin duniya ta gani, kuma kada ta ce ya yi kuka. Ta ce ai bai yi ba. Ya ce yauwa, yana goge ido da hannun riga.

Umma ce ta aika a kira Dogo. Ya zo ya durƙusa a inda ya durƙusa a wancan karon. Ta tura masa wayarta ta ce ya nuna mata yadda ake shiga abin nan ta hanyar da ta dace. Ya buɗe shafin, ya nuna mata gurbin, ya janye hannunsa. Da yatsa ɗaya ta rubuta adireshinta, Auta tana faɗa mata harafi-harafi. Wayar ta yi ƙara, tambayar ta shigo: ko kin yarda a riƙa turo miki?

Umma ta ce a nemo mata tabarau. Aka duba ɗaki, aka duba kicin, ashe yana cikin jakarta. Ta saka, ta karanta tambayar a hankali, ta sake karantawa. Dogo yana durƙushe yana jira. Sai da ta ga dama don kanta ta danna.

"Ka ga? Da ka tambaya tun farko, da amsar ke nan." Ta cire tabarau. "Baffanta ya ce manyanka su zo."

Shafin yana nan har yau, kuma duk wanda Auta za ta ambata a ciki sai ta fara karanta masa. Dogo kuwa, ko labule zai sauya a gidansu sai ya tambaya, har takan ce ya cika tambaya. Darasin da suka samu a fili yake: kyakkyawar niyya ba ta zama izini, kuma son mutum bai ba ka damar amsawa da bakinsa ba. Wanda ya yi haƙuri ya tsaya a ƙofa ya nemi yarda, sau da yawa buɗe masa ake yi har ciki.