Akwati na Uku na Elam Brubaker

Shekara talatin ina buga gudumar gwanjo a Lancaster, kuma sau uku na buga ta a kan ran mutum ban sani ba.

Elam Brubaker kafinta ne mai hannu. Yakan dasa siraran fararen katako cikin baƙi su fito ganye da 'ya'ya, irin adon akwatunan kakanninmu. Sai dai masu kuɗi ba sa kallon sabon aiki, na shekara ɗari biyu suke kokawa a kai. Abin ya ci masa rai. Wata Asabar da hantsi ya hau tudu wurin boka Ammon Dreisbach.

Wurin bokan rumbu ne mai warin kitse. Ƙahonin bunsuru na rataye, an zagaye wani kututture da gishiri, ga baƙar kaza a ɗaure.

Ammon ya kira shi da sunan mahaifinsa, ya ce, "Ɗan Jonas, so kake aikinka ya tsufa?"

"So nake masana su rantse na da ne."

"Katako ba ya tsufa a banza, sai ya sha shekarun wani. Mutanen da ai harufan sunan mai akwati suke dasawa a murfi. Dasa na wanda kuke ci tare."

"Harufa kawai?"

"Kai ka ce kawai."

Elam ya dasa na matarsa Verna, boka ya shafe akwatin da jinin kazar. Masana suka rantse, na buga guduma. Elam ya sayi gona. Kafin kaka, Verna mai shekara arba'in ta yi furfura, haƙora suka zube, ta mutu a tanƙware. Akwati na biyu ya ɗauki harufan ƙanensa Harlan, wanda yanzu ke ɗaure a asibitin mahaukata yana hira da matattu.

A na uku Elam ya yi wayo, ya dasa na wani baƙo da ya ciyar sau ɗaya. Amma kafintocinmu kan rubuta sunansu da alli a ƙarƙashin durowa. A biyun farko ya goge. Wannan ya fi su kyau, girman kai ya hana shi gogewa. Ashe sunan nasa asirin ya bi, ba harufan baƙon ba.

Elam na zaune a gabana na buga gudumar. Kafin a ɗora akwatin a mota, ya tsufa tukuf, sai da mutum biyu suka tayar da shi, bai san sunansa ba.

Kai mai kwaɗayi, ka ji. Boka ba ya kyauta, kuma a cikin gidanka yake ɗiba.