Gurasar da Doniyor Ya Gatsa

"Ba ni gurasar ɗana!"

Hannun Zulhumor ya tsaya cak a bakin tanderu. Matan unguwa da ke jiran samsar ganye, kowacce da kwandonta, suka yi tsit. Inna Mohira ce, mahaifiyar Doniyor, a bayanta Nigina, 'yar ƙaninta da take so ta aura masa.

"Sannu da zuwa Inna... wace gurasa?"

"Kar ki raina min hankali! Tawa tana rataye a bango tana jiransa, ke kuma kin ɓoye wata. Kin raba wa yaro rabonsa biyu, ta wace ƙofa zai dawo?"

Ko yaro a garin Margilan ya san matafiyi yakan gatsi gurasa a rataye sauran, don rabonsa ya jawo shi gida. Ranar da Doniyor zai tafi aikin gini Rasha ya yi wa uwarsa haka, sannan ya saci jiki ya zo rumfar Zulhumor, ya fizgi mai zafi ya kai mata gatsa.

"Ajiye min, masoyiyata. Da Nauruz zan zo in cinye, Inna kuma ta zo ta karya gurasar baikonmu."

"Innar da ko gaisuwata ba ta amsawa?"

"Za ta amsa, hasken idona..."

Ga Nauruz ta zo, bikin sabuwar shekararsu. Ƙanƙara ta narke, na'ana'a ta cika bakin rafi, itatuwa sun yi fure. Shi ne kawai bai zo ba.

"Amana ce Inna," in ji Zulhumor. "Ki yi haƙuri."

"Amana! Wajen 'yar mai tsinkar ganye a bakin rafi? Wallahi hannun nan ba zai taɓa karya gurasa a gidanku ba!"

Nigina kuwa tsohuwar ƙawar Zulhumor ce, ta san maɓoya. Tsalle ɗaya ta ciro farin ƙyallen da ke saƙale a rufin rumfar, gurasar na ciki.

"Wannan busasshen abin kike wa dakon?"

Ta wurga shi cikin magudanar ruwa.

Mata suka ɗauki salati. Gurasar da in ta faɗi ƙasa ake ɗauka a sumbata a kai goshi! Inna Mohira da kanta ta dafe ƙirji.

"Nigina! Gurasa?"

Zulhumor ta faɗa ruwan mai sanyi kamar ƙanƙara har gwiwa tana laluba, tana kiran sunansa a gaban kowa, kunya ta ƙare. Ƙyallen kawai ta samo.

Kafin furanni su gama zuba, aka sauke akwatin gawarsa daga Rasha. Katakon da ya taka ne ya karye a saman bene, ba gurasa ce ta kashe shi ba, amma wa zai faɗa wa Zulhumor haka ta ji? Gidan makoki ma ba ta da hurumin shiga. Ta koma gaban tanderu tana yanka ganye tana kuka, masu saye na cewa albasa ce don su rufa mata asiri.

Wata safiya layin masu saye ya sake yin tsit.

Inna Mohira ce, ita kaɗai, cikin shuɗin kayan makoki, ta rame kamar ba ita ba. Ta kwance ƙulli a kan tebur. Gurasar bango ce, ga shatin haƙoransa nan. Ta kama da hannu biyu ta yi ta ƙoƙari, ta ƙi karyewa.

"Kama min, 'yata... ta fi ƙarfina."

"Inna, kin fa rantse..."

"Gidanku na ce. Nan kasuwa ce."

Suka kama tare, ta tsage biyu. Tsohuwar ta miƙa mata ɓangaren da ya gatsa.

"Allah ya yi miki albarka, surukata."

Matan suka ajiye kwanduna, suka ɗaga hannu suka shafa kamar yadda ake yi a wurin baiko, sai dai babu mai murmushi.

Zulhumor ta sa bakinta daidai inda nasa ya taɓa.

Gurasar ta bushe kamar dutse, ta ƙi gatsuwa.